Ƙuri'a, Kaso ko Hannu Ɗaya: Haɗa Jerin Tsofaffin Waƙoƙi da Zaɓen Littafin da Zai Raba Gardama

Mutum shida ko goma su shirya haɗa jerin tsofaffin waƙoƙi guda ɗaya wanda kowa zai riƙa sauraro, a baki abin ba wuya. Manhajojin kiɗa sun riga sun share fage. Spotify ya daɗe yana barin mutane da yawa su zuba waƙa a jeri ɗaya, YouTube ma haka, Apple Music ne ya makara, sai a Janairun 2024 ya buɗe wannan ƙofa. Rigima tana tashi ne da zarar an fara kawo sunaye, domin idan aka ce tsohuwar waƙa mai daraja, kowa zamanin tashensa yake hangowa.

Masana sun auna abin. A 1989 Morris Holbrook da Robert Schindler, masu bincike a Amurka, sun kunna wa mutane masu shekaru daban-daban waƙoƙin da suka yi tashe a lokuta daban-daban, sai suka ga son kowa ya fi ƙarfi a kan waɗanda suka fito lokacin da yake kusan shekara 24. A 2013 kuma Carol Krumhansl ta Jami'ar Cornell da abokin aikinta suka gano cewa matasa suna da wani so na biyu, ga waƙoƙin zamanin samartakar iyayensu, waɗanda suka buɗi ido suna ji a gida. To, idan a cikinku akwai ɗan shekara 25 da ɗan 40 da ɗan 60, kun riga kun tara zamuna huɗu ko biyar, kowanne da mai tsaya masa. Shi ya sa kafin a ambaci waƙa ko ɗaya ya kamata a yanke hanyar da za a bi. Hanyoyin da aka saba uku ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Ƙuri'a

Ita ce ke fara zuwa bakin mutane, don tana da kamannin adalci. Kowa ya kawo sunaye 20, a tara, a kaɗa ƙuri'a, 30 ɗin da suka fi samun hannu su shiga. Lahaninta guda ne amma babba: ba mai zaɓar waƙar da bai taɓa ji ba. Waƙar da mutum ɗaya yake ƙauna har cikin ransa, sauran tara ba su san da ita ba, ƙuri'a ɗaya za ta samu. Wadda kowa ya sani, ba kuma wanda ta dama sosai, sai ta kwashi takwas. A ƙarshe ku tashi da jerin da bai bambanta da wanda manhajar take haɗa wa kowa da kowa ba, irin na fitattun waƙoƙin shekarun 1970 ɗin nan. Wanda ya fi kowa shekaru a cikinku, da wanda yake sauraron waƙoƙin wani harshe dabam, su ne kullum a ƙasa.

Ko a hannun ƙwararru, ƙuri'a ta fi nuna masu kaɗa ta fiye da waƙoƙin. A 2004 mujallar Rolling Stone ta fitar da jerin waƙoƙi 500 da ta ce babu kamarsu. "Like a Rolling Stone" ta Bob Dylan ce ta zo ta ɗaya, mafi yawan jerin daga shekarun 1960 da 1970 ya fito, kuma kusan dukkansa da Ingilishi. A 2021 aka sake kaɗa ƙuri'ar da sababbin mutane, sai "Respect" ta Aretha Franklin ta ɗare sama, kusan rabin jerin ya sauya. Waƙar Dylan ba ta lalace a cikin shekara 17 ba, ta Aretha kuwa tun 1967 take nan. Masu zaɓen ne suka sauya.

Akwai dai inda nake ba ƙuri'a gaskiyarta. Idan jerin na zama guda ne, doguwar tafiya a mota ko taron da ake so kowa ya riƙa karɓar amshi, to sanin waƙar shi ne abin nema. A nan ma kada a ce kowa ya zaɓi gwanarsa ɗaya tak. A bar kowa ya sa hannu a kan duk wadda ya yarda a kunna, komai yawansu. Hakan yana rage wa ɓangare mai rinjaye ƙarfin danne sauran.

Kaso

A nan kowa yana da rabonsa, biyar ko bakwai, ba mai tsare shi da tambaya kafin ya saka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma amfanin hanyar ke nan: ita kaɗai ce take sa ka ji abin da kai da kanka ba za ka taɓa nema ba. Ɗan shekara 25 zai ji muryar da ta sa ɗan 60 ya taɓa tara kuɗi ya sayi kaset, ɗan 60 kuma zai gano cewa abin da yake kira hayaniyar yara ya riga ya kai shekara 20 a duniya, ya zama tsohuwar waƙa a wurin wasu.

Ba a rasa mai son nuna sani a kowace tawaga, wanda zai tono waƙar da ba a taɓa ji ba don kawai a ce ya iya. Maganinsa mai sauƙi ne: duk wanda ya saka waƙa ya rubuta layi biyu a kan abin da ya haɗa shi da ita, ko abin da yake so a saurara a cikinta. Wanda ba shi da abin faɗa sai ya sauya zaɓi da kansa. Haka kuma a kafa doka cewa mawaƙi ɗaya ba zai wuce waƙa biyu ba, in ba haka ba mutum huɗu za su taru a kan gwani guda su cinye kashi ɗaya cikin uku na jerin.

Abin da ya fi wargaza kaso shi ne tsawo, kuma mutane ba su cika lura da shi ba sai an gama. Tsofaffin waƙoƙin Turai da Amurka da yawa minti uku ne ko ƙasa da haka, kuma na'ura ce ta yanka musu wannan awo. Faifan garmaho mai inci 10, mai juyi 78 a minti, kusan minti uku yake ɗauka a kowace fuska. Kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai juyi 33⅓ a 1948, wanda ke ɗaukar fiye da minti 20 a fuska, amma RCA Victor ya biyo da ƙaramin faifai mai juyi 45 a 1949, shi kuma ya ci gaba da riƙe waƙar rediyo a gajarce. Sai dai ba ko'ina kiɗa ya yarda da wannan awo ba. Ummu Kulsum ta Masar, a wasanninta na Alhamis ɗin farko a wata da ake watsawa a rediyo, takan kwashe kusan awa guda a kan waƙa ɗaya, tana maimaita baiti tana juya shi yadda jama'a suka nema. Fela Kuti kan cinye fuskar faifai sukutum da waƙa guda. Idan wani ya kawo irin waɗannan guda biyar, wani kuma ya kawo masu minti uku guda biyar, na farko ya sami awa uku ko huɗu, na biyu ya tashi da minti 15, alhali a takarda rabonsu ɗaya.

Saboda haka a raba kaso da minti, kada a raba da yawan waƙa. Kowa minti 25, misali. Mai son dogon zango ya zaɓa: ko ya zuba rabonsa duka a waƙa ɗaya, ko ya nemi gajeriyar ɗauka.

Hannu ɗaya

Hanya ta uku ita ce a damƙa wa mutum ɗaya, wanda aka yarda da kunnensa, ya haɗa komai. Ta wajen daɗin sauraro babu wadda ta kama ƙafarta. Jerin yana fita da kai da gindi, waƙa tana miƙa wa waƙa, ba a tashi daga mai sanyi a faɗa wa mai tsawa ba shiri. Amma fa jerinsa ne, ba naku ba. Mako biyu ko uku sauran za su daina buɗewa, don ba abin da suka ajiye a ciki da za su koma dubawa. Wasu suna gyara wannan da karɓa-karɓa, wannan wata wane, wata mai zuwa wance. Yana aiki, sai dai abin da ake samu jerin mutum ɗaya ne sau goma sha biyu, ba jerin jama'a ba.

Ni a ganina a haɗa biyu: zaɓen waƙa ya zama na kaso, jerawa da tantancewa su zama na hannu ɗaya. Mai jerawa ba shi da ikon cire zaɓin kowa. Batun ba wa kowa damar soke waƙa ɗaya kuwa, ina jin tsoronsa, domin da an soke maka za ka rama. Idan za a yi, a taƙaita shi ga kalmomin da wani ba zai iya kunnawa a gaban iyalinsa ba, kada a shigo da "ba ta yi mini daɗi ba".

Waƙar ɗaya ce, ɗaukar ce ta bambanta

Aikin mai tantancewa ya fi na kowa nauyi, kuma a nan ne jerin tsofaffin waƙoƙi yake gyaruwa ko ya ɓaci. Ka rubuta sunan tsohuwar waƙa a manhaja, sai ka ga ta fito sau 10 ko 15, duk da sunan mawaƙi ɗaya. Yawanci mutum na farkon ya danna. Sau da yawa kuma ba ita ce wadda ya sani ba.

Tarko na farko shi ne sake ɗauka. Mawaƙi ya bar kamfanin da ya yi suna a cikinsa, haƙƙin ɗaukar farko yana hannun tsohon kamfani, sai sabon ya sa shi ya sake rera tsofaffin waƙoƙinsa. Chuck Berry ya yi suna a kamfanin Chess, amma kundin "Golden Hits" da Mercury ya fitar a 1967 kusan duka sababbin ɗauka ne na waƙoƙin da. Muryar tasa ce, jitar tasa ce, amma zafin ba na farko ba ne. Mawaƙa da dama sun yi haka bayan shekara 20 ko 30, murya ta riga ta yi nauyi. Wanda ya tashi da ɗaukar farko zai ji wani abu bai zauna ba ko da ya kasa faɗin mene ne. A duba ƙasan shafin kundin, inda ake rubuta shekara da sunan kamfani. Idan waƙar 1957 ce kuma kamfanin baƙo ne, a dakata.

Akwai dalilin da ya sa waƙoƙin kafin 1963 suka fi yawan fitowa barkatai. Tarayyar Turai ta tsawaita haƙƙin mallakar ɗaukar sauti daga shekara 50 zuwa 70, dokar ta fara aiki a 2013, amma ba ta dawo da abin da wa'adinsa ya riga ya ƙare ba. Don haka abin da aka fitar kafin 1963 kowa na iya tattarawa ya sake fitarwa a can. Wasu ƙananan kamfanoni suna yin aikin da kyau, wasu kuwa daga tsohon faifai ko sidin wani suke kwafa, su goge ƙarar tsatsa har su goge hasken muryar tare da ita. Idan da hali, a ɗauki wadda ta fito daga kamfanin da ke riƙe da tef na asali.

Sai batun mono, wato sautin da duka yake fita ta hanya ɗaya, da sitiriyo, wanda ake raba shi hagu da dama. Faifan sitiriyo ya shiga kasuwa ne wajen 1958, amma har kusan ƙarshen shekarun 1960 yawancin masu sauraro lasifika ɗaya suke da ita, don haka mono ake ba muhimmanci. 'Yan ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles kansu a haɗin sautin mono suke zama, na sitiriyo sau da yawa injiniyoyi ake bar wa su ƙarasa daga baya. Sitiriyon wancan lokaci yakan jefa murya a kunne ɗaya, kayan kiɗa a ɗayan. A falo mai lasifika biyu ba laifi. Amma mutum biyu su raba iyafis, sai ɗaya ya ji murya tsirara, ɗaya ya ji ganga da jita ba mai waƙa. Mafi muni shi ne sitiriyon jabu, wanda kamfanoni suka riƙa ƙirƙira daga ɗaukar mono ta hanyar raba sauti da ƙara amsa-kuwwa. Ga duk abin da aka ɗauka kafin tsakiyar shekarun 1960, idan an rubuta mono a gefen suna, ni shi nake ɗauka.

Kalmar "Remastered" da ake liƙawa a gefen suna ba tabbacin inganci ba ce. Tana nufin an koma kan tsohon sauti an sake gyara shi. Wani gyaran yana fito da kayan kiɗan da suka nutse. Wani kuma, musamman na ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000, lokacin da kamfanoni ke tseren wanda sidinsa zai fi ƙara, matse sautin aka yi har wurin raɗa da wurin ihu suka zama kusan ɗaya. A jerin haɗin gwiwa wannan dabara ba ta da riba ko kaɗan, domin Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa ma'auni ɗaya, Apple Music ma yana da makamancinsa mai suna Sound Check. Wadda aka matse sai a rage mata ƙara ta dawo daidai da sauran, ta fito a shafe ba tudu ba kwari. Gwajin ba wuya: a kunna siga biyu a ƙara ɗaya, a saurari inda ganga ke faɗowa. Wadda gangarta ta fi tashi daga cikin kiɗan ita ce ba a matse ba.

Ɗaukar sutudiyo ko ta dandali? Ga yawancin waƙoƙi sutudiyo ta fi zama lafiya a cikin jeri, don tafi da surutun gabatarwa suna katse tafiya. Amma akwai mawaƙan da ba a gane su sai a gaban jama'a. Ummu Kulsum na cikinsu, domin maimaicin nan da kururuwar masu sauraro wani ɓangare ne na waƙar. Haka mawaƙan baka da ba su taɓa rera waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Masu sauraron Mamman Shata sun san Bakandamiya ba ɗauka ɗaya ba ce, kuma kowa da wadda yake nufi idan ya ambace ta. A irin wannan dole wanda ya kawo waƙar ya turo ainihin wadda yake so, kada a bar wa mai tantancewa ya yi canki. Masu son waƙoƙin tsofaffin finafinan Indiya ma su lura, waƙa ɗaya takan zo sau biyu a fim, ta farin ciki da ta baƙin ciki, ko ta muryar namiji da ta mace.

Na ƙarshe, mai asalin waƙa ko wanda ya sake rera ta ya fi shi suna? "Respect" ɗin nan da ta hau kan jerin 2021, Otis Redding ne ya rubuta ta ya fitar a 1965, Aretha ta sake ta bayan shekara biyu ta juya ma'anarta daga bakin miji zuwa bakin mace. "I Will Always Love You" ta Dolly Parton ce tun 1974 kafin Whitney Houston ta rera ta a 1992. Ba na ganin asali yana da wani fifiko na dole. Idan jerin na nishaɗi ne a saka wadda mai kawowa yake so. Idan kuwa kuna son abin tattaunawa, a jera biyun kusa da juna, ba abin da ke buɗe baki kamar wannan.

Jerawa ba ta buƙatar dogon bayani. Bin shekara yana koyarwa, kana jin yadda sauti ke sauyawa daga garmaho zuwa tef, amma yana tara zaɓin dattawa a farko, na matasa a ƙarshe, kowa ya riƙa tsallakawa zuwa unguwarsu. Bin yanayi, mai sanyi kusa da mai sanyi, ya fi gauraya mutane. Sai dai a tuna cewa mutane da yawa a gauraye suke kunnawa, to kada mai jerawa ya kwana uku a kan abin da maɓalli ɗaya zai watsar.

Wane littafi?

Da jeri ya fara tsayuwa gardama ke biyo baya: wace shekara ta fito, wa ya kaɗa jitar, wa ya fara rera ta. Shekarar da manhaja ke nunawa sau da yawa ta sake fitarwa ce, ba ta asali ba. A nan littafi ke shigowa, kuma littattafan kiɗa iri-iri ne, kowanne da abin da ya iya.

Littafin jerin sunaye, irin "1001 Albums You Must Hear Before You Die" da Robert Dimery ya shirya a 2005, shi ya fi saurin jan hankalin masu haɗa jeri, don kamar an yi musu aikin ne. Yana da amfani idan kai ya ƙulle, a buɗe ko'ina a sami suna. Amma ciwonsa ɗaya da na ƙuri'a: zaɓin wasu mutane ne a wani wuri, ya fi karkata ga Ingila da Amurka, kuma bayanin kowane kundi gajere ne, bai isa ya kashe gardama ba. A ɗauke shi abin tunatarwa, kada a ɗauke shi alƙali.

Tarihin da mawaƙi ya bayar da bakinsa ya fi kowanne daɗin karatu, ya kuma fi kowanne haɗari ga mai neman kwanan wata. Mutum yana tuna abin da ya so, kuma yawanci wani marubuci ne ke riƙe da alƙalamin. "Lady Sings the Blues" na Billie Holiday, wanda William Dufty ya taya ta rubutawa a 1956, ya nuna a Baltimore aka haife ta, takardu kuwa sun nuna Philadelphia ce. Wannan bai rage wa littafin daraja ba ga mai son jin yadda ta ɗauki rayuwarta. Sai dai kada a ɗauko shi a tsakiyar musu a ce ai ita ta faɗa. Tarihin da wani mai bincike ya rubuta ya fi tsayuwa da ƙafarsa. Peter Guralnick ya yi wa Elvis Presley juzu'i biyu, a 1994 da 1999. Virginia Danielson ta rubuta "The Voice of Egypt" a kan Ummu Kulsum a 1997. Irin waɗannan suna nuna maka duniyar da waƙar ta fito daga ciki, amma dogaye ne, kuma a kan mutum ɗaya suke, alhali jerinku yana da mawaƙa 30.

Wanda ya fi dacewa da aikinku, a nawa ra'ayin, shi ne littafin da ke bin waƙa ɗaya bayan ɗaya. Misalin da aka fi sani shi ne "Revolution in the Head" na Ian MacDonald, 1994, wanda ya bi waƙoƙin Beatles bisa tsarin ɗaukarsu, kowacce da ranar shiga sutudiyo, da wanda ya kaɗa me, da hukuncin marubucin a kanta, wani lokaci mai zafi. Mark Lewisohn kuma a 1988 ya fitar da tarihin zamansu na sutudiyo rana bayan rana, daga takardun kamfani da tef na asali. Irin wannan littafi ba sai an karanta daga farko zuwa ƙarshe ba. A buɗe shafin waƙar, a karanta sakin layi biyu a bayyane, a kunna, kowa ya saurari abin da aka ce. Shi ne kuma yake gaya wa mai tantancewa wace ɗauka ce ta asali. Ba kowane mawaƙi ne ya sami irin wannan gata ba, to inda babu, ƙaramin littafin da ke zuwa cikin akwatin kundin da aka sake fitarwa yakan yi wannan aiki, haka ma littattafan jami'a da ke tattara matanin waƙoƙi da sharhi.

Idan kuma niyyar ita ce a karanta littafi ɗaya tare a tattauna, kauri ne abin dubawa na farko, domin littafi mai shafi 600 mutum biyu ne za su gama. Jerin ƙananan littattafan nan mai suna 33⅓, wanda aka fara a 2003, kowanne a kan kundi ɗaya yake, ana gamawa a zama biyu ko uku, kundin kuma ana saurara a ƙasa da awa guda. Ingancinsu bai zama ɗaya ba, don kowane marubuci da salonsa, wani bincike ya yi, wani labarin kansa ya bayar, to a leƙa shafukan farko kafin a ɗora wa jama'a. Littattafan da ke bayanin yadda ƙwaƙwalwa take karɓar kiɗa, irin na Daniel Levitin na 2006, suna da wata riba dabam: ba su goyi bayan zamanin kowa ba, don haka ɗan 25 da ɗan 60 kan sami abin faɗa daidai wa daida. Amma ba za su taimaka wajen zaɓen waƙa ko ɗaya ba.

Akwai rubutu ɗaya da ba a sayarwa, dole ku yi shi da kanku. Waƙoƙi suna ɓacewa daga manhaja, ko yarjejeniyar haƙƙin mallaka ta ƙare, ko ta zama akwai ta a wata ƙasa babu a wata, sai wanda ke zaune a waje ya ga sunan ya dushe ba ya dannuwa. Neil Young ya janye waƙoƙinsa daga Spotify a Janairun 2022, bai mayar ba sai a Maris na 2024, duk jerin da ke da shi ya zauna da giɓi shekara biyu. YouTube ya fi kowa tara tsofaffin ɗauka da ba a samu a wani wuri, amma da yawansu masu sha'awa ne suka ɗora, ana iya sauke su kowace rana. Apple Music kuwa sai kowa yana biyan kuɗin rajista kafin ya iya saka hannu a jerin, abin da ya kamata a tambaya tun kafin a zaɓi manhaja. Don haka a buɗe shafi ɗaya a waje, wanda kowa zai iya gani, a rubuta sunan waƙa, da mawaƙi, da shekarar ɗauka, da kamfani, da ko mono ce ko sitiriyo, ta sutudiyo ko ta dandali, da tsawonta, da sunan wanda ya kawo ta, da layi biyun nan nasa. Idan an ɗauko shekarar daga littafi, a rubuta sunan littafin da lambar shafi a gefe.